Ranar da Injin Abdulbaƙi Ya Ƙi Maɗugu

Duk wanda ya taɓa bin tashar Magama, can bakin iyaka da Nijar, ya san shagon Abdulbaƙi ko da bai san mai shagon ba. Wata kwantena ce mai shuɗin fenti, an yanka mata taga ɗaya, an kafa mata faifan sola a ka. Ta tagar ake miƙa masa takarda, ta nan yake miƙo ta. Ƙofar kuwa a baya take, kuma kwaɗo biyu ne a jikinta, domin a ganinsa wanda ya sayar masa da kwaɗon farko yana iya ɓoye makulli ɗaya a aljihu.

Haka Allah ya yi shi. A garin Kusa aka haife shi, ɗan mai gyaran rediyo, kuma tun yana yaro idan uwarsa ta ce miya ta ji gishiri sai ya ɗanɗana kafin ya yarda. An ce ranar da malamin firamare ya gaya musu duniya a dunƙule take tana juyawa, ya dawo gida ya ce wa babansa a sa wa malamin nan ido. Ya yi karatun kwamfuta a Katsina, ya yi shekara biyu a wani shagon buga takardu a birni, ya bar aikin don ya zargi mai shagon da leƙa masa waya. Da ya dawo gida ya auri Salmatu, wadda har yau ita kaɗai ce ke yi masa dariya a gaban idonsa ta kwana lafiya. 'Yarsu ɗaya, Bilki.

Bayan Allah da Manzonsa, abu ɗaya Abdulbaƙi ya yarda da shi, wato inji. "Inji ba ya son kowa, ba ya ƙin kowa," haka yake cewa. "Abin da ka ba shi, shi zai dawo maka da shi." Mutane suna jin wannan magana su gyaɗa kai, ba don sun yarda ba, sai don gardama da shi tana cin rabin yini.

Shekarun da hanya ta lalace su suka ɗaga shi. 'Yan bindiga suka riƙa tare motoci tsakanin Jibiya da Katsina, kuma abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne yadda suke sanin motar da ta ɗauko kaya masu kyau da lokacin da ta tashi. Kowa ya san wani ne a cikin tasha yake kai labari, amma ba wanda ya san ko wane ne. Sai mutum ya daina faɗa wa abokin zamansa inda za shi gobe. A wannan hali ne ƙungiyar direbobi da 'yan dako, ƙarƙashin shugabanta Alhaji Badamasi, ta yanke shawarar a yi wa kowa kati, wanda ba shi da kati kada ya taɓa lodi. Aka ba Abdulbaƙi aikin, aka sa Lado a bakin ƙofa ya riƙa dubawa. Lado tsohon kwandasta ne, tare suka yi firamare da Abdulbaƙi, kuma shi ma ba baya ba ne wajen zargi, sai dai nasa da baki yake yi.

Lado ya so a sa wa mutane lamba ɗaya, biyu, uku, kamar kujerun mota. Abdulbaƙi ya dube shi kamar ya ce a bar ƙofa a buɗe a tafi masallaci. Ya ce wanda ya ga kati mai lamba ɗari biyu da goma sha uku ai ya san akwai ɗari biyu da goma sha huɗu, sai ya je ya buga wa kansa. Abin da ya kawo musu wata doguwar lamba ce da kwamfuta ke zaɓa da kanta, ba tsari ba jere, tsawonta ya kai a ce har duniya ta tashi mutum biyu ba za su yi karo a kan guda ɗaya ba. A wurin kwamfuta wannan lamba ba rubutu ba ce, gurbi goma sha shida ne a jere, kowane gurbi da adadin da ke cikinsa. Idan za a buga ta a kati, manhajar da Abdulbaƙi ya rubuta sai ta mayar da kowane gurbi haruffa biyu, alƙaluma gauraye da baƙaƙe, ta raba su kashi biyar da 'yan layuka. Idan aka kawo masa kati, ya buga rubutun, manhajar ta sake mayar da shi gurbi goma sha shida, ta nemo mai shi. 'Yan tasha da suka ga tsawonta suka sa mata suna tirela, suna cewa tana da kai tana da wutsiya, kuma babu wanda ya taɓa haddace tasa.

Cikin waɗanda suka fara karɓar kati akwai Maɗugu. Ɗan dako ne daga wani ƙauye bayan Maraɗi, shekararsa ashirin da biyu a Magama, shi da matarsa Lantana mai tuyar ƙosai. Ba shi ne ya fi kowa ƙarfi ba, girma ma ya fara kama shi, amma ya iya jera buhu yadda mota ba za ta karkata ba ko a kan ramuka, don haka direbobi da sunansa suke kira. Mata 'yan kasuwa kan bar masa kayansu su tafi salla ba tare da sun waiwaya ba. Bai iya karatun boko ba, kuma katin bai ɗauke shi wani abu ba, amma tunda shugabanni sun ce a riƙe, ya naɗe shi a leda ya sa a jakar fatar da yake ratayawa a wuya.

Ana nan wansa ya rasu a ƙauye. Maɗugu da Lantana suka tafi gaisuwa da niyyar kwana bakwai, kwana na huɗu aka rufe iyaka. Mutane da yawa sun ci gaba da zirga-zirga ta hanyoyin daji, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Shi dai ya duba ya ga gonar wansa ba mai nomewa, ga marayu, sai ya zauna ya yi musu damina, ya yi musu kaka, ya gyara musu rumbu. Wata goma ya yi, sai da aka buɗe iyaka ya taso.

A cikin watannin nan tsohuwar kwamfutar Abdulbaƙi ta gaji da zafin kwantena ta fara mutuwa tana farfaɗowa. Ya sayi wata, ya rubuta sabuwar manhaja da har a waya take aiki, ya kwashe bayanan mutane kaf ya zuba a ciki, gurbi bayan gurbi, bai bar ko ɗaya ba. Daga nan ya buga wa kowa sabon kati mai hoto. Tsofaffin katunan kuwa ya ce ba za a bar su a hannun mutane ba, don wani yana iya ba wani. Ya tattara su da kansa, ya ƙona su a bayan kwantena, ya tsaya da sanda yana juya tokar har ya tabbata ko kusurwa ɗaya ba ta tsira ba. Ranar ya koma gida yana jin daɗin kansa ƙwarai.

Maɗugu ya dawo a mako mara kyau. Kwana uku kafin nan an tare wata motar gero da ta tashi daga tashar, an tafi da direbanta daji, kuma har lokacin ba labari. Da hantsi ya iso bakin ƙofa, fuska a sake, yana gaisawa da mutane hannu bibbiyu. Lado ya amsa gaisuwar, ya yi masa ta'aziyya, sannan ya ce kati. Da ya ga tsohon kati ne ya tura shi taga a sabunta masa.

Abdulbaƙi ya karɓa, ya buga tirelar harafi bayan harafi. Allon ya ce babu mai wannan lamba. Ya share ya sake bugawa, yana bin katin da yatsa. Babu. Ya yi na uku. Sannan ya nemi sunan Maɗugu, sai ga shi ya fito, da ƙauyensu da shekarar zuwansa, amma lambar da ke allo ba ita ce a kati ba. Ya kara katin kusa da allon. Rabin ƙarshe iri ɗaya ne sak, harafi goma sha shida ba bambanci. Rabin farko kuwa ya sha bamban.

Da wani ne, da ya ce wa dattijon ya je ya huta ya dawo gobe. Amma Abdulbaƙi ya yi shekaru yana jiran ranar da injinsa zai kama wani, kuma ga layi a taga, ga Lado ya matso yana leƙe. Ya ɗaga murya yadda na bayan layi zai ji.

"Injin bai san katin nan ba."

Maɗugu ya yi murmushi, don ya ɗauka wasa ne. "Malam Abdulbaƙi, wanga karti ai kai ka ba ni shi da hannunka, nan ga wagga taga."

"Wanda na ba ka, Baba Maɗugu, da injin ya san shi. Wannan wutsiyarsa daidai take, kan ne aka canza. Wanda ya buga shi ya ga katin gaske, ya kwafa, bai kwafa daidai ba."

Lado ne ya yi tambayar da ta rage. A hankali ya yi ta, yana kallon ƙasa. "To, na gaskiyar yana hannun wa?"

Maɗugu ya dubi Lado, ya dubi mutanen layi, murmushin ya tafi. Ya ce shi bai san wani karti ba sai wannan, tun ranar da aka ba shi yana wuyansa, ko wanka zai yi a ƙusa yake rataye shi. Babu wanda ya ce masa ƙarya yake yi. Babu kuma wanda ya ce gaskiya ya faɗa.

Kafin azahar labari ya gama tasha, kuma kowa ya ƙara masa gishirinsa. Aka ce ya ba 'yan daji katinsa na gaske don ɗan leƙen asirinsu ya riƙa shigowa da shi, ya je Maraɗi aka buga masa na bogi. Aka ce wata goma me yake yi, ina ce kowa ta daji yake bi ya dawo? Wato rashin karya doka ma ya zama masa laifi. Aka tuna shi ne ya fi kowa sanin abin da ke cikin kowace mota, tunda shi ke jerawa. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa ranar da aka tare motar geron mutumin yana can ƙauyensu yana ɗaure kaya. Alhaji Badamasi ya ce kada a ba shi lodi sai an bincika. 'Yan sintiri suka aiko cewa bayan cin kasuwar Jibiya za su zo su tafi da shi su yi masa tambayoyi, kuma duk Magama an san waɗanda aka tafi da su irin wannan tambayar ba duka suke dawowa da ƙafafunsu ba. Saura kwana biyar. Lantana ta kafa kaskonta washegari, ƙosan ya huce a faranti. Mai gidan da suke haya ya fara zancen cewa ɗansa zai yi aure, yana bukatar ɗakin.

Kwana biyun farko Abdulbaƙi tafiyarsa ma ta canza. Direbobi suna tsayawa a taga su ce Allah ya yi masa albarka, wani ya kawo masa kankana. Amma mai zargi ba ya hutawa, ko a kan nasararsa. Wani abu ya riƙa sukarsa: wane irin mai buga katin bogi ne zai kwafi harafi goma sha shida daidai, sannan ya ɓata goma sha shida? Wanda ke da katin gaske a gabansa ai duka zai kwafa. Ya kori tunanin, ya ce wa kansa ɓarayi ma suna da wawaye a cikinsu.

Rana ta uku da la'asar yana zaune a tsakar gida yana shan kunu, Salmatu tana gefe tana ɗinkin hula. Zaren ya ƙare a jikin abin da take naɗe shi, sai ya ga abin farin roba ne mai kusurwa huɗu. Ya ajiye kofin.

"Mene ne wannan?"

"Katinka ne na farko, Baban Bilki. Wanda ka buga na gwaji ka ce hoton tambarin ya karkace, ka yar a kwandon shara. Shekara uku yana riƙe mini zare."

Abin da ya fara zuwa masa haushi ne, wai ashe akwai katin da ya tsere wa wutarsa, a cikin gidansa kuma. Ya karɓe shi yana faɗa, ita tana dariya tana cewa ya kai ta wurin 'yan sintiri. Sai da ya juya katin ya ga tirelarsa a jiki, faɗan ya tsaya. Ya ɗauko wayarsa, ya buɗe manhajar, ya buga lambar. Wayar ta ce babu mai wannan lamba.

Ya nemi sunan kansa. Ga shi nan, Abdulbaƙi, mutum na farko a rajista, da wata lamba dabam. Wutsiya iri ɗaya, kai ya bambanta. Ya yagi bayan kalandar bango, ya rubuta kan tsohuwar lambar a sama, ya raba haruffan bibbiyu yadda gurabun suke: 3f, a8, 5c, 71. Ya rubuta na sabuwar a ƙasa: 71, 5c, a8, 3f. Ba abin da ya ɓace, ba abin da ya ƙaru. Gurabu huɗun nan ne dai, an karanto su daga baya zuwa gaba. Kashi na biyu da na uku ma haka, kowanne a juye.

Nan take ya tuna, don abu ne da aka koya musu a Katsina ya ɗauke shi surutun malamai. Irin tsohuwar kwamfutarsa tana da wata al'ada: gurabun farko a juye take ajiye su, idan za ta rubuta sai ta miƙar da su. Sabuwar manhajar ba ta san da wannan al'adar ba, yadda ta same su haka take karantawa. Ranar da ya kwashe bayanai, lambar kowa a tashar ta canza fuska a rubuce, har da tasa, har da ta Alhaji Badamasi. Da ya kara tsohon kati ɗaya da sabo ɗaya, da ya gani. Amma ya ƙona su, har yana juya toka. Kunya da tsoro suka kama shi lokaci ɗaya, har Salmatu ta daina dariya ta tambaye shi ko kunun ne.

Ya zura takalmi ya nufi gidan Maɗugu. Ya same shi zaune a ƙofar ɗaki yana gyaran igiyar dako da ba wanda zai ba shi abin ɗaurewa da ita. Abdulbaƙi ya durƙusa, abin da bai saba yi wa kowa ba, ya fara bayani. Ya yi zancen gurbi, ya yi zancen manhaja, ya ga yana zuba ne kawai, sai ya ɗebo duwatsu huɗu ya jera a ƙasa, ya ce tsohon injin daga nan yake ɗauka, sabon daga can.

Maɗugu ya dubi duwatsun. "Wato kamar lodin kamiyo, babbar motar kaya. Buhun da anka fara sakawa shi ka hita ƙarshe. Wanda ya yi lodi ya san haka, wanda ya zo saukewa in ba a gaya mai ba sai shi ce an musanya kaya."

"Haka ne, Baba. Haka ne sak."

"To kai ka yi lodin, kai ka sauke."

Bai faɗe ta da zafi ba, kuma wannan ya fi yi wa Abdulbaƙi ciwo. Ya nemi gafara, ya yi alkawarin gobe zai tsaya gaban kowa ya faɗa. Lantana tana daga cikin ɗaki ba ta fito ba, ba ta kuma aiko da ruwa ba.

Ya cika alkawari, wannan kam a ba shi. Washegari bayan azahar, a rumfar ƙungiya, gaban Alhaji Badamasi da direbobi da 'yan dako, mutumin da bai taɓa cewa ya yi kuskure ba ko a kan hanyar zuwa kasuwa ya miƙe ya ce shi ne mai laifi. Ya jera kwalaye huɗu, ya rubuta musu haruffa da gawayi, ya juya su. Ya nuna tsohon katinsa mai ragowar zare. Ya nuna ya gyara manhajar tun da safe, yanzu tana gane tsohon rubutu da sabo, ya buga lambar Maɗugu a gabansu sunansa ya fito. Ya gama yana gumi, yana jiran ya ji an ce alhamdu lillahi.

Lado ya gyara zama.

"Malam Abdulbaƙi, shekaranjiya inji bai san shi ba. Yau ya san shi. Wa ya shiga tsakani?"

Aka yi 'yar dariya mara daɗi. Wani direba ya ce ashe injin ana iya koya masa ya san wanda ake so ya sani. Wani ya ce in lambar kowa ta canza ba a gaya musu ba, to wane ne ya san abin da aka canza kuma? Daga baya can wata murya ta ce jiya da yamma an ga mai kwamfuta ya shiga gidan Maɗugu, ya daɗe, har da durƙuso. Abdulbaƙi ya sunkuya yana tattara kwalayensa. Duk tambayoyin nan irin nasa ne, da shi ne a zaune wani a tsaye, da ya yi waɗanda suka fi su.

Alhaji Badamasi mutum ne mai adalci gwargwado. Ya ce shi bai fahimci zancen kwalaye ba, amma ya fahimci mutum ba ya tsayawa gaban jama'a ya tozarta kansa a banza. Ya ce a buga wa Maɗugu sabon kati, shi kuma zai je da kansa ya gaya wa 'yan sintiri ba sai sun zo ba. "Amma Malam," ya ce da Abdulbaƙi bayan an watse, "ni kati nika iya ba shi. Ba ni iya kama hannun direba in ce shi kira shi."

Haka kuwa aka yi. 'Yan sintiri ba su zo ba. Maɗugu ya karɓi sabon kati mai hoto, ya zauna a inuwar da 'yan dako ke jiran lodi. Mota ta shigo, a kira wannan, a kira wancan, a tsallake shi. Ba wanda ya zage shi, gaisuwa ma ana yi masa, amma idan ya matso sai hira ta koma zancen ruwan sama. Matan da ke bar masa kaya suka koma riƙe abinsu su yi salla bi da bi. Abdulbaƙi yana hango shi ta taga daga safe har yamma. Ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, kowa ya ce masa in sha Allahu, kuma yawan roƙon nasa ya ƙara wa mutane abin faɗa. Layin tagarsa ma ya fara raguwa.

Rana ta tara da safe Salmatu ta gaya masa ta ji a wurin mata cewa Lantana ta riga ta wuce ƙauyensu tun jiya da kaskonta. Ya bar shagon a rufe ya tafi. Ya iske Maɗugu ya gama ɗaure abin da ya rage, katifa da tabarmi da buhu ɗaya na tarkace, ɗauri mai kyau irin na wanda ya san aikinsa.

"Baba, ka ƙara haƙuri ko wata ɗaya. Za su manta."

"Su manta mi? Ba su ga komi ba balle su manta." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar kayansu. Sun san ni tun ba a yi injinka ba. In magana guda ta ishe su, to dama a bakin ƙofa nike."

Abdulbaƙi ya dubi kayan. Sai ya sunkuya ya kama ɗaurin, ya ce shi zai kai masa bakin iyaka. Maɗugu ya dube shi, ya dubi siraran hannuwansa na mai danna madannai, kamar zai hana, sai kuma ya naɗe masa gammo ya ɗora masa.

Hanyar iyaka ta gaban tasha ta bi, ba wata. Rana ta fito sosai, tasha a cike. Mai kwamfuta yana gaba da katifa a ka, wuyansa yana rawa, ɗan dako yana biye da shi hannu sake. Masu shayi suka daina zuba shayi. Abdulbaƙi ya so a gani, don a tunaninsa wanda ya ga haka zai san ba a yi wa maci amana dako. Yana tafe yana jin idanu a bayansa, kuma a karon farko a rayuwarsa bai iya karanta abin da ke cikinsu ba.

Kafin shingen duwan, wato kwastan, inda masu babur na wancan gefe ke jira, Maɗugu ya sauke masa kayan da hannu ɗaya. Ya ciro sabon katin daga jakar wuyansa ya miƙa masa, ya ce can ba shi da amfani, kuma kada a ce ya tafi da shi ya ba wani.

"Na yahe maka, Malam, tsakani da Allah. Koma wurin aikinka tun ba a ce ka ƙetare ba. Yanzu kai suka kallo."

Ya tsaya har babur ɗin ya ɓace, sannan ya juyo, wuya a sanƙare, katin wani a hannunsa. Da ya iso ƙofar tasha Lado yana kan bencinsa. Shekara uku Abdulbaƙi yana wuce ƙofar nan safe da yamma, iyakarsu ɗaga hannu. Yau Lado ya miƙe tsaye, ya tare hanya, bai kalli fuskarsa ba.

"Malam, kati."

Abdulbaƙi ya sa hannu a aljihu.